Fitsarin da Na Ce Nawa Ne

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na tsuguna gaban surukina na tashi da sabon suna. Ƴan tsofaffin Gaya da suka rage, har gobe in sun gan ni sai su ce "Tunjiya, an tashi lafiya?" Ni kuma in amsa da ƙarfi, don ban ga abin ɓoyo ba. Jikokina ma sun ɗauka sunan yanka ne. To bari in ba ku labarin da bakina, kafin wani ɗan baƙin ciki ya ba ku shi a karkace.

Lokacin Nasara na nan, ba a ma yi gada a kan kogi ba, sai jirgin fito. Ni saurayi ne, na yi lakkol, wato makarantar boko, ƴan shekaru, aka ɗauke ni ƙaramin anfirme mai jinya a likitar gari, wato asibitinmu. Aikina wanke gyambo da tafasa allura, amma in kun ga yadda nake tafiya cikin farar taguwar aiki, sai ku rantse ni na ƙirƙiro maganin kinin. Babban namu wani lokotoro ne ɗan Dahome da ya yi karatu a Dakar, gajere, mai saurin fushi, mai son koyarwa ko ba a tambaye shi ba.

Mahaifina kuwa madugu ne na gishirin Foga. Tun kafin a haife ni yake ɗora shi kan jakuna daga wajen Bana, ya sauke a Gaya, wani a ƙetara da shi Dahome, wani a shiga da shi ƙasar Ingilishi. Gishiri ya gina gidanmu, shi ya aurar da ƙannensa, kuma Baba ba sayar da shi kawai yake yi ba, ci yake yi. Kullum da ɗan gutsure a aljihunsa, yana lasa yadda wasu ke cin goro. Miyar da wani zai ce ta yi zau, shi sai ya ce an manta da gishiri.

Wata damina ƙafafunsa suka fara kumbura. Takalmi ya ƙi shiga, da safe fuskarsa a cike, in ka danna ƙaurinsa da yatsa ramin ya daɗe bai ciko ba. Ya daina fita da ayari, ya ce wa mutane ƙaya ya taka. Da ƙyar da jiɓin goshi na samu ya yarda Lokotoro ya zo gida ya duba shi, shi ma sai da aka ce gaisuwa ya zo yi. Lokotoro ya danna nan, ya saurari can, ya ce ƙoda ce ta gaji, ba ta iya fitar da gishiri, gishirin kuma shi ke riƙe ruwa a jiki. Magani ɗaya ne: a bar gishiri kwata-kwata, in ba haka ba ruwan zai hau har ƙirji.

Baba ya bari baƙo ya fita, sannan ya dube ni. Ni ne ɗan fari, ba ya kiran sunana, sai dai "kai". Ya ce mutumin da bai taɓa ɗaure wa jaki kaya ba ne zai gaya masa gishiri guba ne? Ya ce shi abin da idonsa bai gani ba bai san da shi ba. Sannan ya sa na rantse cewa ba wanda zai ji madugun gishiri ya kwanta saboda gishiri, musamman Malam Isuhu.

Malam Isuhu abokin fataucinsa ne tun suna samari, irin abokan nan da ba sa rabuwa kuma ba sa barin juna su huta da gori. Shi ne kuma mahaifin Hauwa, wadda aka riga aka kai mini goron tambayarta. (Ku riƙe wannan, zai yi amfani nan gaba.)

To ni fa a lokacin na ɗauki kaina masanin ƙoda, don Lokotoro ya taɓa zaunar da mu ya yi mana bayaninta. Ya ce gishiri iri biyu ne ke aiki a jikin mutum. Ɗaya na miya, wanda Baba ke fatauci, a littafi sodiyam. Ɗayan yana cikin wake da gero da ganyaye, shi ne ke saura a toka in an ƙone kara, a littafi fotasiyam. Ƙoda ce ke tsaye tsakaninsu tana raba gardama. In na miya ya yi ƙaranci a abinci, sai ta riƙe shi gam, ta saki ɗan'uwansa cikin fitsari a madadinsa. In ya yi yawa, ta kora shi waje da ruwa. In kuma mutum ya cika cin wake da ganye, ta kori rarar na tokar, shi kuma wajen fita yakan ja na miyar su tafi tare. Ya ce wasu masana na ganin abin da ya sa ke nan manomi mai tuwo da wake ke kwaɗayin gishiri, saniya mai cin ciyawa kuma ta bi kanwa har ƙarshen duniya.

Cikin duk wannan karatu, abu ɗaya ya zauna a kaina: na toka yana jan na miya waje. Na ce shi ke nan, ai na warkar da Baba. Na je na samu Inna, mahaifiyata, na ce ta tace ruwan tokar karan gero ta riƙa zubawa a miyarsa maimakon gishiri, ga ɗanɗano ga magani. Inna ta ce ai tun kakanni talakan da bai da gishiri da toka yake miya, ba sai an je lakkol ba, amma ta yi. Washegari na shiga ofishin Lokotoro ina fankama, na ba shi labari, ina jiran ya ce in zo in zauna kujerarsa.

Wallahi saura kaɗan ya jefe ni da kwalbar tawada.

"Wa ya aike ka? Abin da na koya maka dokar lafiyayyar ƙoda ce. Ƙodar da ta kasa fitar da na farko, ka tabbata za ta fitar da na biyu? Na farko ƙafa yake kumburawa. Na biyu in ya taru, zuciya yake tsayarwa, ba sallama."

Da gudu na koma gida na kifar da tukunyar miya. Inna ta bi ni da muciya, Baba kuma ya yi dariyar da rabonsa da ita tun kafin ciwon. Ya ce jiya toka magani, yau toka ajali, gobe kuma me? Ya sa hannu a aljihu ya ciro gutsuren gishirinsa ya lasa a gabana, yana kallona cikin ido. Raina ya ɓaci, kuma tsoro ya kama ni, don ranar na lura kumburin ya wuce gwiwa.

Lokotoro da ya huce ya ce tunda tsohon ido yake so, za a nuna wa idonsa. A tara fitsarinsa duka, daga safiya zuwa safiya, a kawo. Da shi za a san ko nawa ƙodar ke fitarwa, kuma akwai wani ruwan magani da in an ɗiga a fitsari mai gishiri sai ya yi fari kamar nono, in babu gishiri ya tsaya kusan yadda yake. Ya ba ni wata koriyar kwalba ta lita guda, wadda marufinta ya ɓace tun zamanin wani kumandan.

Ku da kuka taso yanzu ba za ku gane girman abin da na je roƙo ba. Ɗa ya dubi ubansa ya ce ya yi masa fitsari a kwalba! Kwana uku ina zagaye, sai Inna ce ta shiga tsakani. Baba ya yarda bisa sharaɗi biyu: ni zan ɗauka da kaina, kuma ko ƙuda kada ya san abin da ke ciki, balle na wane ne. Da safiya ta zagayo kwalbar ko cika ba ta yi ba, abin da ke ciki kuma ja-ja-ja. Na toshe bakinta da totuwar masara. (Eh, totuwa. Ku yi dariyarku, ni ma na yi tawa daga baya.)

Sauran yadda za a ratsa gari da ita. In na riƙe a hannu, kafin in kai bakin kasuwa mutum goma sun tambaye ni man gyaɗa ne ko zuma. Sai dabara ta zo mini, irin dabarata. Na ɗaure wuyan kwalbar da igiya a mazagin wandona, ta sauko tsakanin cinyoyina, na zumbula babbar rigata fara ta Sallah a kai. Na dubi kaina na ce ko ɗan duwan mai binciken kaya a bakin iyaka ba zai gane ba. Na kuma ƙi bin hanyar kasuwa, na bi lungun bayan masallaci inda ba kowa da sassafe.

Abin da na manta shi ne ranar ake sunan jikan wani maƙwabcin Malam Isuhu, kuma a bakin wannan lungun gidan yake. Ina karyo kwana sai ga tabarmi shimfiɗe daga bango zuwa bango, dattawan unguwa zaune sahu-sahu, an gama addu'a ana rabon goro. Ga wanzamai, ga maroƙi da bakinsa kamar reza, ga mata na leƙe ta zaure. A tsakiya kuma, kan buzu, Malam Isuhu.

Da na san abin da na sani yau, da na juya na ruga, a ce ba ni da tarbiyya. Amma an riga an gan ni. Kuma a garinmu saurayi ba ya wuce uban budurwarsa a tsaye. Takalmi za ka tuɓe tun daga nesa, ka zo ka tsuguna har ƙasa, kai a sunkuye, ba ka tashi sai ya sallame ka. Na tuɓe takalmi, na tako a hankali ina tafiya kamar mai gwaiwa, na zo gabansa, na yi bisimilla a zuci, na tsuguna.

Gindin kwalbar ya taɓa ƙasa, ta kwanta, cinyata ta danne ta. Na ji totuwar ta yi "fut", ƙaramin sauti, ni kaɗai na ji shi.

"Allah gafarta Malam, kun tashi lafiya?"

Malam Isuhu mutum ne mai son gaisuwa ta cika. Ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi aiki, ya tambayi Nasara, ya tambayi Inna, ya tambayi ƙayar da Baba ya taka, wadda ya ce bai taɓa jin ƙaya mai daɗewa irinta ba. Ni ina "lafiya lau, lafiya lau", ina jin sanyi na bin ƙafar wandona, yana sauka kan dunduniyata. Na matse cinyoyi don in tsayar da kwalbar, ashe ƙara tuntsurar da ita nake yi. Farar rigar Sallah ta fara canza launi daga ƙasa. Sannan wani ɗan rafi ya fito daga ƙarƙashina, ya bi gangare a natse, ya nufi buzun surukina.

Wanda ke kusa da shi ya fara janye ƙafa. Na biyu ya ɗage tabarma. Malam Isuhu ya tsaya a tsakiyar tambayar jakunanmu, ya dubi ƙasa, ya dube ni, ya sake duban ƙasa. Wurin ya yi tsit, har ina jin kukan jaririn da ake wa suna daga cikin gida. Sai warin ya taso, kuma ku sani abin da ya yini ya kwana a kwalba cikin zafin Gaya ba ya tashi da ladabi.

Wani tsohon wanzami, wanda ya yi shekara arba'in yana shaƙar abin da ya fi wannan, ya buɗe hanci ya ce:

"Jama'a, wannan fa ba na yanzu ba ne. Wannan ya kwana. Yaro, me ke ƙarƙashin rigarka?"

Ga ƙofa a buɗe. In ciro kwalba in ce aikin likita ne, a yi dariya kaɗan a wuce. Amma na san mutanena. Za a ce na wane ne? Daga wane gida ka fito da sassafe? Kowa ya ga daga gidanmu na fito, kowa ya san wanda ya yi wata biyu bai fita ba, kuma ga Malam Isuhu zaune yana jiran abin da zai yi wa Baba gori da shi har kabari. Na tuna tsohon yana miƙo mini kwalbar nan da safe, fuskarsa a juye ga bango. Sai wani taurin kai ya taso mini, irin na gidanmu. Na ɗaga kai, abin da ba a yi gaban suruki, na ce da ƙarfi yadda na zaure ma za su ji:

"Ba komai ƙarƙashin rigata. Nawa ne. Tun jiya nake matse da shi."

Kai, jama'a. Wani dattijo goro ya sarƙe shi sai da aka bubbuga masa baya. Mata a zaure suka zube kan juna. Maroƙin nan, Allah ya jiƙansa duk da haka, ko numfashi bai ja ba ya ɗaga murya: ga anfirme mai ba mutane magani, ga Tunjiya angon Hauwa, wanda ya ga suruki ya saki! Ni kuwa na tattare riga da kwalbar a cikinta, na miƙe, na ce a gafarce ni zan aiko a wanke tabarmi, na ɗauki takalmina na tafi ina ɗiga. Ban yi gudu ba. Wannan ko maƙiyina zai shaida, tafiya na yi.

Kafin azahar labarin ya ƙetare kogi. A likita, marasa lafiya na layi suna rufe baki da gefen mayafi. Lokotoro ya dubi kwalbar da ba komai ciki, ya ce a sake tarawa daga farko, wannan kawai ya dame shi. Da yamma na koma gida ina tunanin ta inda zan fara roƙon tsohon karo na biyu.

Na same shi zaune a ƙofar ɗakinsa, ƙafafun nan a miƙe kan tabarma. Labari ya riga ni isowa, har da kirarin maroƙi.

"Kai. An ce ka ce naka ne."

"Na ce, Baba."

"Gaban Isuhu?"

"Gabansa."

Sannan ya ce in wanke kwalbar in kawo, kuma in nemo mata marufin kirki, ba abin da akuya ta rage ba.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, ya sa aka ɗaura wa jakinsa akumari. Muka ɗora shi da ƙyar. Ya ƙi sa doguwar riga ta rufe ƙafafun, ya riƙe kwalbar a hannu, a fili, ya ce in ja jakin ta cikin kasuwa. Muka tsaya ƙofar Malam Isuhu, mutane suka taru. Baba ya ɗaga kwalbar ya ce wa abokinsa ya duba da kyau: na ranar nan nasa ne, yaron aike ya ɗauko, kuma ba ƙaya ya taka ba, ƙoda ce. In akwai mai gori ya yi yanzu yana raye.

Malam Isuhu bai yi gori ba. Ya dubi ƙafafun abokinsa, ya shiga gida ya sa takalmi, ya biyo mu har likita.

A can Lokotoro ya jera ƙananan kwalabe biyu, ɗaya da na Baba, ɗaya da nawa na gaskiya (a wannan karon ba wanda ya matse komai). Ya ɗiga ruwan maganinsa. Nawa ya yi fari fat nan take. Na Baba, mutumin da ke lasar gishiri tun safe har dare, da ƙyar ya yi ɗan hazo. Baba ya karɓi kwalaben ya ɗaga su ga hasken taga, ya tambaya ina gishirin da ya ci ya tafi. Lokotoro ya sunkuya ya danna masa ƙauri da yatsa, ramin ya tsaya. Tsohon ya dubi ramin nan har ya fara cikowa. Sai ya sa hannu a aljihu, ya ciro gutsuren, ya miƙa wa Malam Isuhu ya ce ya kai wa awakinsa.

Bai sake cin gishiri ba, toka kuma ko kusa da tukunyarsa. Kullum sai ya zagi miyar Inna, ya zage ni, ya zagi Dakar da duk wanda ya yi karatu a cikinta, sannan ya cinye. Kumburin ya sauka kaɗan-kaɗan. Bai koma ayari ba, amma ya ga aurena da Hauwa, ya kuma yi wa ƴaƴanmu biyu huɗuba kafin Allah ya karɓi abinsa.

Za ku ce to ai an wanke ni. Ina! Gaya ta saurari Baba da ladabi, ta ce Allah sarki, dubi uba na gari, ya hau jaki da ciwo don ya rufa wa ɗansa asiri. Ba wanda ya yarda. Labarin saurayin da ya ga suruki ya saki ya fi daɗi a baki, shi aka riƙe. Hauwa kanta, da ta san gaskiya sarai, in muka yi faɗa sai ta ce in yi a hankali kada in maimaita. Ni kuma ban sake ɓata bakina wajen musu ba, kuma ba na jin kunyarsa ko ƙwayar gero. Da sunan nan na sayi damina bakwai da Baba ya ƙara a duniya yana zagina, in aka sake kawo cinikin gobe zan tsuguna.

Darasi kuwa guda biyu na ɗauka, tunda dole sai an ce an koyi wani abu. Rabin karatun ƙoda ya fi rashinsa haɗari, wannan tukunyar miyar Inna ta shaida. Na biyun shi ne wanda na bar wa duk anfirmen da ya yi aiki ƙarƙashina har na yi ritaya: in za ka rufa wa wani asiri, ka fara neman marufi mai kyau.